Tokar Kudu da Hatsin Dije

Kaka Dije ba ta fara tatsuniya sai an suɗe kwanon tuwo an hura mata wuta a bakin ɗakinta. Ƙauyenmu gida tara ne kacal, a kan jigawa, can gefen Attantane, kuma duk yaran gidajen nan a wutarta muke jin ɗumi. In sanyi ya shigo, sama ta yi tas, takan ɗaga sandarta ta nuna kudu, dab da kan itatuwan gawo. Akwai wani ɗan fari-fari a wurin, shi ba tauraro ba, shi ba girgije ba, kamar an shafa toka da yatsa. "Ga garinmu can," in ji ta. In na ce ban gani ba, sai ta ce ai a tukunya na baro idona.

Abu biyu Kaka take taƙama da su: bakinta da irinta. Tun kafin a haifi babana, kowace kaka take shiga gona ta zaɓi zangarniyar da ta riga sauran nuna, ta ɗaure, ta rataye a rufin ɗakin girki inda hayaƙi ke korar ƙwari. Shekara bisa shekara har ta samu gero mai sauri, wanda ko damina ta yi rowa yakan kai. Har daga Gidan Amumune ake zuwa roƙon tiya ɗaya. Hatsin Dije ake ce masa.

Shekarar da fari ya ci ƙasa, lokacin mulkin soja, ko hatsin Dije bai ba mu na wata uku ba. Ina da shekara tara. Ƙanena Sale ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Sai aka ce kamiyo, wato babbar motar kaya, ya sauke jar dawa ta taimako a babban garin da muke ƙarƙashinsa, amma da oda a kai: kowane ƙauye ya kai irinsa mangaza, ɗakin ajiyar gwamnati, a ajiye, wai don kada yunwa ta sa mutane su cinye, in ruwa ya sauka a mayar wa kowa. Wanda bai kai iri ba, ba shi da dawa. Har yau in na tuna odar nan zuciyata tafasa take yi. Wanda ya tsara ta bai taɓa riƙe hauya ba, a wurinsa hatsi duk hatsi ne.

Daren da za a kai iri da safe, babana ya zauna nesa da wuta yana ta tufka igiyar da ba ta bukatar tufka. Kaka ba ta jira mun amsa mata kamar kullum ba.

"Ga ta nan," ta ce, "kuma yau ba ta yara kaɗai ba ce."

Ta ce wancan ɗan farin na kudu, a da gari ne na taurari. Ƙarami ne, ba ganuwa ba layi, kowa ya kafa bukkarsa inda ya ga dama, amma wutarsu ta fi ta kowa ja. Babban garin taurari, wannan farin da ya ratsa tsakiyar sama, ya aiko musu da manzo: ku kawo garwashinku mu adana muku, kada iska ta kashe. Wata tsohuwar tauraruwa ta ce kada a kai. Ɗanta ya kwashe garwashin duka a kasko ya kai, aka juye cikin babbar wuta. Da sanyi ya tsananta suka je karɓa, aka ce su nuna nasu a ciki. Suka tsaya suna kallon wuta, ba wanda ya iya nunawa. Sai aka cika musu kaskon da toka, suka dawo da ita. Ita ce muke gani.

Ba ta rufe tatsuniyar ba. Ta dai tsura wa babana ido.

"Inna, na ji," ya ce. "Da ni kike."

"To da wa zan yi? Shekara arba'in ina tsintar irin ga zangarniya-zangarniya. Ka ɗauka ka kai masu su zuba cikin na kowa?"

"Sun ce buhu-buhu za a aje, kowa da nashi."

"Sun ce. Kai kuma ka ji."

"To mi ɗiyan ga za su ci, Inna? Dubi Sale."

Ba ta dubi Sale ba. Ta tura itacen wutar gefe ta shige ɗaki.

Da safe babana ya hau ya sauko da dammunan da hannunsa. Uwata ta sussuke tana kuka. Da ya ɗora buhun kan jaki, Kaka tana tsaye a bakin ƙofa, ko Allah ya kiyaye ba ta ce masa ba. Da la'asar ya dawo da jar dawa. Tuwonta gautsi ne da shi, amma na ci har na lashe yatsa. Kaka sai kwana na uku ta sa a baki.

Da ruwa ya sauka aka raba iri. Tun a tafin hannu Kaka ta gane ba nata ba ne. An zazzage buhunan kowa wuri ɗaya, gero da maiwa da wanda ba a ma san inda ya fito ba, aka auna mana daga tsibin. Muka shuka, don ba mu da wani. Damina ta ɗauke da wuri. Rabin gonar na tsaye kore shar, ko kai bai fitar ba, har rana ta ƙone shi. Da hatsin Dije ne, da an yi girbi. Gidaje suka fara watsewa, wasu Tasawa, wasu Najeriya. Kaka ba ta sake yi mana tatsuniya ba, kuma ba ta ga wata kakar ba. Ni kuwa na ƙullaci babana. Shekara ashirin gaisuwata gare shi ba ta wuce ta baki.

Na yi lakwal, wato makarantar boko, na zama malama a Tasawa. Wata rana a wani littafin Faransanci na ci karo da tokar Kaka. Ashe gari ne da gaske: tarin taurari ba adadi, ɗan ƙarami cikin maƙwabtanmu, ba shi da tsayayyen fasali. Ashe kuma babban tarin da muke ciki yana jansa, yana zuƙe masa iskar da sababbin taurari ke samuwa daga gare ta. Na rufe littafin raina a ɓace. Tsohuwar da ba ta san baƙi ko ɗaya ba ta gane wannan da sandarta, masu takarda da hatimi sun kasa gane gero da maiwa.

Hutun da ya biyo baya na je wurin babana, ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Na ba shi labarin, sannan na faɗi abin da na daɗe ina riƙewa. Na ce Kaka ta gaya masa, ya ƙi ji.

"Na ji ta sarai," ya ce. "Tun kahin in ɗora ma jaki na san za su garwaya shi."

"To don mi ka kai, Baba?"

"Ga ki nan zaune. Sale na da ɗiya shida."

A tatsuniyar Kaka babu yaro mai jin yunwa, ta cire mu daga ciki don maganarta ta miƙe. Ta yi gaskiya, shi ma bai yi laifi ba, kuma sun rabu ba su shirya ba. Hatsin Dije na neme shi kasuwa-kasuwa, ban samu ko cikin cokali ba. Fushina bai ragu ba, wuri kawai ya sauya. Yana kan waɗanda suka sa mutum ya zaɓa tsakanin irin uwarsa da cikin 'ya'yansa, sannan da ya kawo musu buhun, ko ɗan gawayi ba su ɗauka sun rubuta suna a jikinsa ba.