Garin da Kyari ya gina a cikin waya

Ina tsugune gaban wani motopom, injin ban ruwa, da na kwance, hannuwana baƙi ƙirin da mai, wayata ta yi ƙara. Maƙwabcin Kyari ne. Ko gaisuwa bai yi ba, ya ce, "Musa, bar abin da kake yi ka zo. Maigidanka ya cika." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kwana biyu kacal ya yi yana fama da zazzaɓi, har a jajibirin ranar ya aiko mini kada in taɓa injin mutanen Geskeru sai ya fito. Bayan azahar muka kai shi makwancinsa a nan Diffa.

Shekara goma sha ɗaya muna rumfa ɗaya da Malam Kyari Gana. Shi ya koya mini gyaran injin ban ruwa, da haƙuri kaɗan da faɗa mai yawa. Idan manomi ya zo a gigice tattasansa na bushewa a bakin kogin Komadugu, Kyari zai ture kwanon abinci ya miƙe. Ba ya canza ƙarfen da zai gyaru. In mai inji ya rantse cewa jiya ya zuba mai mai kyau, sai ya shinshina tankin ya ce, "Inji ba ya ƙarya, mai shi ne dai ke yi."

Wannan kowa ya sani, an kuma faɗe shi a zaman makoki. Abin da ba a faɗa ba, don ana jin nauyinsa, shi ne wasan. Kyari, magidanci mai 'ya'ya huɗu, yana buga wani wasan intanet a waya, irin wanda kowa ke zaɓar jaruminsa, a haɗu ƙungiya ƙungiya ana yaƙar dodanni. Wasu na zaɓar mai takobi, wasu mai baka. Shi kullum mai magani ne, yana bayan sahu yana tashin waɗanda suka faɗi. Da ƙungiyarmu ta samu fili a cikin wasan, sauran ƙungiyoyi na gina ganuwa da hasumiya, shi sai ya fara gina garinmu: ƙauyen da ke bakin kogi gabas da Geskeru, wanda muka bari da gudu, har yau ba mu koma ba. Masallaci, rijiya, mashigar ruwa, lungu bayan lungu. Mu ashirin da 'yan kai ne, wasu a Diffa, wasu a sansanin Sayam Forage, wasu Maiduguri da Damagaram. A nan kaɗai muke haɗuwa a ƙofar gidajenmu.

Yana son wasan, amma yana jin haushin waɗanda suka ƙera shi. In rezo, wato sabis ɗin waya, ya ɗauke ana tsakiyar yaƙi, wasan ya rubuta ka a matsayin wanda ya gudu, ya hukunta ka. Mai kuɗi ya sayi takobin da talaka zai yi wata uku yana nema. Abin da ya fi ci masa rai shi ne dokar fili: shugaban ƙungiya kaɗai ke da shi, in kuma ya yi kwana talatin bai shiga ba, kariya ta faɗi, kowa na iya zuwa ya kwashe, ya cinna wuta. "Wanda ya tsara wannan doka," in ji shi, "bai taɓa gudu ya bar tukunya a kan murhu ba." Sau uku yana rubuta musu da Faransanci. Ya roƙi a bar ƙungiya ta mallaki fili tare, a yi hanyar gado, a daina hukunta wanda kuran, wato wutar lantarki, ko rezo ya yanke. Sau uku ana aiko masa da godiya iri ɗaya, ko waƙafi bai canza ba. Duk da haka bai fid da rai ba, duk sabon gyara da aka sanar sai ya karanta shi layi layi.

Washegarin sadakar bakwai na buɗe wasan, na ga lissafin kwana talatin ɗin a saman allo yana raguwa. Kyari ne shugaba. Wayarsa kuwa tana cikin akwatin ƙarfe da kwaɗo, domin yayansa Alhaji Modu ya tattara komai, har da sifanu da agogo, ya ce ba mai taɓa ko allura sai an raba gado. Gaskiyarsa ne, haka ake yi. To, wa zai shiga gidan mutuwa, mace na takaba, marayu na zaune, ya buɗe baki ya ce a ba shi waya don wasa? Kowannenmu ya zuba ido ɗan'uwansa ya fara. Na Sayam suna cewa na Diffa ne kusa, na Diffa suna cewa Musa ne ɗan rumfa. Ana wannan jan ƙafa, wata ƙungiya da ba mu san ko daga wace ƙasa take ba ta kafa tantuna a gefen rijiyarmu tana jira. Na san zane ne a gilashi. Amma na taɓa ganin mutane na jira a bakin garin nan na gaske kafin mu gudu, kuma cikina bai bambance ba.

Saura kwana biyu na tafi bayan la'asar. Na tarar da Alhaji a zaure, na durƙusa, na yi gaisuwa har ta ƙare, na sake wata.

"Musa, akwai magana ne?"

"Alhaji, wayar marigayi ce. Minti goma nake roƙo, a gabanka."

"Ta aiki ce?"

Na so in ce e. Na ce, "Ta wasan nan ce."

Ya ajiye carbi. "Ƙanena ko arba'in bai yi a ƙasa ba, ka zo mini da wasan banza? Yana da rai na faɗa masa, gemu da 'ya'ya yana danne-danne. Kai ma da na ɗauka mai hankali ne."

Sai na ciro tawa wayar, na buɗe, na miƙa masa da hannu biyu. Ya karɓa kamar an ba shi abin ƙazanta. Na nuna masa yadda ake jan yatsa. Ya ja, ya wuce masallaci, ya tsaya, ya koma baya.

"Wannan mai shuɗiyar ƙofa fa?"

"Gidanka ne, Alhaji. Shi ya fara ginawa, kafin nasa."

"Su wane ne waɗannan a bakin rijiya?"

"Jira suke. Jibi za su ƙone shi."

Ya miƙe ya kira maƙwabta biyu su shaida, ya buɗe akwatin, ya ce wayar ba za ta fita zauren ba. Batir ya mutu, kuran babu, sai da aka aro cajar sola. Lambar buɗewa Falmata ce kaɗai ta sani, matar marigayi. Aka miƙa mata ta bayan labule, ta dawo da ita a buɗe, muna jin shesshekarta. Rezo ya ɗauke sau biyu. A na uku wasan ya buɗe, ya yi wa Kyari barka da dawowa. Ga jaruminsa tsaye a mashigar ruwa, inda ya bar shi. Na mayar da shugabancin a kaina, lissafin ya ɓace. Alhaji ya karɓi wayar ya mayar akwati ya kulle, sa'an nan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Darbejiyar ƙofata a hagu take, ba dama ba. Ka gyara."

Na gyara. Yanzu dokar a wuyana take, kuma na san ni ma mai tafiya ne.

Ya Allah, bawanka Kyari ya zo gare ka, ka yi masa rahama, ka yafe kurakuransa, ka haskaka kabarinsa, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Falmata da Alhaji Modu haƙurin rashinsa, ka raya marayunsa huɗu cikin albarka. Bai samu komawa ba. 'Ya'yansa, ya Rabbi, ka mayar da su garin ubansu na gaske, su taka shi da ƙafarsu. Amin.