Abarshi da Tukunyar Mushe Dogo

Abarshi mutumin Madarumfa ne, manomin gero kamar ubansa. Ba ya salla, ba ya kuma hana kowa yi. Shekara biyar bayan babban yaƙin Turawa, wani Bafaranshe da ake kira Mushe Dogo ya kafa injin matsar man gyaɗa a bakin tafki, ya ɗauki Abarshi ya kula da tukunyar tururin da ke juya injin. Wani makaniki ya koya masa aikin cikin sati uku, ya kama gabansa.

Abarshi bai taɓa tsallake ko ɗaya daga abin da aka koya masa ba. Kowace safiya sai ya duba ruwa a kwalbar da ke jikin tukunyar, ya buɗe bututun hayaƙi iska ta ratsa, sannan ya hura 'yar wuta da ɓawon gyaɗa, ya zauna yana kallon allurar agogon tukunyar tana hawa a hankali. A samanta akwai wani ɗan murfi. In tururi ya yi yawa sai ya ɗaga da kansa, ya yi fito har cikin kasuwa.

Fiton nan ne ya hana Mushe barcin rana.

"Abarshi, rataya wa abin nan dutse ya yi mini shiru."

"Mushe, ta nan take numfashi. In aka toshe, za ta nemi wata ƙofa."

Mushe ya tuna masa cewa a ƙasarsu aka ƙera tukunyar, ya kore shi. Ya ɗauko Sani, ɗan lakwal, wato makarantar boko, mai jin Faransanci, wanda bai taɓa ce wa Bature a'a ba. Ran nan dutse ya hau murfi, gari ya yi tsit.

Abarshi ya bi leburori ɗaya ɗaya yana yi musu bayanin allura da jan layin da bai kamata ta wuce ba. Suka ce zafin kora ne. Ya dawo gida ransa a ɓace.

Matarsa Inde, mai sayar da fura a ƙofar injin, ta ce, "Maigida, gaskiya gare ka, baki ne ba ka da shi. Bar mini."

Da safe ta raɗa wa mata a rijiya cewa iskar tafki ta fito wa Abarshi, ta ce ta gaji da tukunyar ƙarfen da ke shanye mata ruwa. Kafin azahar masu talla sun kwashe daga ƙofar injin. Masu salla suka ce zancen banza ne, amma suka ga inuwar tsamiyar can nesa ta fi sanyi. Shi kansa Sani, da ya cika wuta sai wata lalura ta kai shi bayan gari.

Ran kwana na huɗu da rana tsaka tukunyar ta tashi. Kwanon rufi ya faɗa tafki, ba wanda ya ji ko ƙwarzane. Mushe ya fito da takalmi ƙafa ɗaya. Ya rubuta wa hukuma a Maraɗi cewa laifin ruwan tafki ne da jahilcin 'yan ƙasa, ya tattara ya tafi kafin damina.

Daga nan ƙofar Abarshi ba ta sake rabuwa da baƙi ba. Daga garin Safo, daga garin Sarkin Yamma, kowa da kazarsa: mai neman haihuwa, mai cigiyar jaki.

"Jama'a, ban ga kowace iska ba," in ji shi. "Ƙarfe ne da ruwa da wuta."

Sai su kalli juna, su ce haka manya suke ɓoye abinsu.

Shekara uku yana musu, sannan ya gaji. In mara lafiya ya zo, sai ya ce masa ya tafi likita. In mai rigimar gona ne, ya ce masa ya je su sasanta. Sauran kuwa ya ce musu bai sani ba, su koma gida suna fassara maganar. Ya rasu da tsufansa, aka yi jana'izar da Madarumfa ta daɗe ba ta ga irinta ba.