Maƙiyin Mace Ɗaya

Shadli mai saƙar darduma a Ƙairawan mutum ne da bakinsa ya fi hannunsa aiki. Matarsa ɗaya, Zuhura, ita ma ba iya riƙe ta ya yi ba, amma ya tsufa yana zagin dokar Tunisiya da ta hana ƙara aure. Kullum yana gidan gahawa, ya miƙe ƙafa yana kumfar baki.

"Namiji da mace ɗaya? Wannan ai gwauro ne da rakiya!"

Har tsohuwar al'adar garin bai bari ba, wadda amarya kan gindaya wa ango sharaɗin in ya yi mata kishiya, sakinta na hannunta. Cewa yake kakanninsu ragwaye ne.

Malam Lutfi mai koyar da Turanci ne ya gaji, ya ce, "Turawa na da sunan cutarka: antimonogami. Guntayen Girkanci uku ne aka ɗinke, ƙi da ɗaya da aure."

Zagi ne, amma sakaran ya ɗauka sarauta. Da sunan ya gagari bakin mutane suka mayar da shi Maƙiyin Mace Ɗaya, yana amsawa har da dafe ƙirji.

Sai ga Alhaji Muftah, ɗan kasuwar garin Misrata na ƙasar Libiya da ke sarin darduma a wurinsa, ya zo nema wa ɗansa auren Wasila, 'yar Shadli tilo. Can Libiya kuwa dokar ba ta kai ba. Wasila na son yaron, abu ɗaya ta roƙa, a sa mata sharaɗin kakanninta.

Ranar ɗaurin aure Shadli ya matso kusa da Alhaji, murya ƙasa-ƙasa kamar mai roƙon gishiri.

"Alhaji, dama akwai wani ɗan sharaɗi namu na gado..."

Muftah ya kwashe da dariya, ya waiwayi jama'a.

"Ku ji fa! Sharaɗin ragwayen? Haba surukina, ai saboda bakinka na zaɓi gidanka. Ko ka tuba ne?"

Duk 'yan gidan gahawa na zaune, sun zuba masa ido. Kalma ɗaya ce za ta tsare 'yarsa, amma matsoracin ya zaɓi sunansa.

"Wasa nake," in ji shi.

Da motar amarya za ta tashi, ya leƙa ta taga yana sa mata albarka. Wasila ba ta ce Baba ba.

"Sai wata rana, Maƙiyin Mace Ɗaya," ta ce, ta ɗaga gilashi.