Ƙwayar Da Ba Ta San Ƙoshi Ba

Gyaran rediyo nake yi, a wata rumfa cikin kasuwar Tasawa. Lakwal, wato makarantar boko, ban yi nisa ba, amma tun ina koyon aiki na riƙe abu guda: ba na taɓa na biyu sai na gama da na farko. Saboda wannan hali taubashina, ɗan gwaggona, yake ce mini sarkin sannu-sannu.

Shi magini ne a Attantane. Wata shekara, gab da faɗuwar damina, aka ba shi ginin doguwar katanga kewaye da wata garka. Igiyarsa in ya ja ta sai ta yi ciki a tsakiya, iska kuma na kaɗa ta. Mai garkar ya ce in tushe ya karkace zai kira wani magini daga Mayahi. Taubashina ya taɓa ganin wani inji a Maradi mai harba jan haske miƙe, ana daidaita gini da shi. Ya zo rumfata ya ce in haɗa masa irinsa.

Na san abin. Lazar ake ce masa, kuma ƙwayarsa na cikin injin buga faifai, irin waɗanda aka watsar tun da waya ta kashe kasuwar faifai. Ina da biyu da na tsinto cikin tarkace a kasuwar Gidan Amumune. Na ɓalle ƙwayoyinsu na ajiye kan tebur. Ƙwayar ba ta fi wake ba, abin da ke haske cikinta kuwa bai kai ƙwayar gero ba.

A nan garin ba mai sayen ƙwan fitila sai an ɗana shi a batir ya gani da idonsa. Ko tocila ce, ko ƙwan moto, wato babur, haka ake yi, ni ma haka nake yi wa masu saye. Ina juyawa in miƙa wa wata tsohuwa rediyonta, ashe taubashina ya ɗauki ƙwaya guda, ya nufi batirin motonsa da guntuwar waya. Na ji ya ce, "Iye!" Na waiwaya. Ta yi walƙiya sau ɗaya, sannan ta koma ja-ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa.

"Kayan juji ka tara mini," in ji shi. "Ko minti ba ta yi ba."

"Kai ka kashe ta, bawan gidanmu. Wa ya aike ka?"

"Gwadawa na yi. Kai da za ka kwana uku kana kallonta kamar surukarka."

Na karɓe ta biyun na saka aljihu. Na zaunar da shi na ce: ƙwan fitila yana cin abin da ya ishe shi ya bar saura. Wannan kuwa ba ta san ƙoshi ba. Kamar tunkiyar da ta samu bakin rumbu a buɗe ce, za ta ci hatsi har cikinta ya kumbura ta faɗi. In ta yi ɗumi kuma, sai ta ƙara ci. Dole a sa wani abu tsakaninta da batir da zai auna mata wuta.

"To yanzu saura nawa?"

"Guda. In ta mutu, ka koma ga igiyarka."

Nan dariyarsa ta ragu.

Yadda ake haɗawa a waya na gani, cikin Faransancin da rabinsa nake ji, sai na yi ta maimaitawa har na kama. Da fari na cire wani ɗan baƙin abu mai ƙafa uku daga tsohuwar caja, shi ne mai awon. Na liƙa masa rezistans tsakanin ƙafafu biyu, ita ke faɗa masa iyakar abin da zai bari ya wuce. Bayan nan kondansatar, don ta shanye fizgar da wuta ke yi lokacin kunnawa. Ban yarda na sa ƙwayar ba tukuna. Na jera wasu ƙananan kaya marasa tsada a madadinta, na ɗora mita. Na ƙara batir, allura ba ta motsa ba. Na rage, tana nan inda take. Na daɗe ina kallon allurar nan. Abu mai ƙafa uku, ba ido ba hankali, amma ya fi mai awon hatsi a kasuwa gaskiya.

Sannan na dasa ƙwayar cikin guntun alminiyan don ya ɗauke mata zafi, na sa mata gilashin da na ciro daga injin, na ɗaure duka kan nibon taubashina, katakon nan mai ruwa a ciki da magina ke duba daidaito da shi. Ban kunna ba. Na ce sai a wurin aikin, tunda ban san tsawon ranta ba.

Mun isa garkar bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba. Ya riga ya kafa turaku bisa layin tushe. Na kori masu kallo zuwa bayana, na ce duk wanda ya leƙa bakin abin nan idonsa ya tafi, ba magani. Na dafa ƙarfen moto don wutar da ke jikin mutum ta fita, na sauke ragowar da ke cikin kondansatar, na duba waya ja da baƙa. Taubashina ya miƙo hannu zai taimaka.

"Mai da hannunka aljihu."

Ya mayar. Na yi bismilla na danna.

A kusa ba mu ga komai ba. Sai can ƙarshen garka, kan turken ƙarshe, ga wani jan ɗigo ya zauna, ko rawa ba ya yi. Wani mai gadi yana hura gawayin shayi a gefe, hayaƙinsa ya ratso, sai ga zaren hasken duka ya bayyana, siriri, daga hannuna har can, ba ciki ba lanƙwasa. Na sha jan waya a rayuwata, na ga igiyar rijiya da zaren masaƙa, kowanne sai ya sunkuya in ya yi nisa. Wannan ko kaɗan. Abin da bai kai ƙwayar gero ba. Na ce Subhanallahi, na ji ana amsawa a bayana.

Taubashina ya ɗauki gawayi ya bi turaku ɗaya bayan ɗaya yana sa alama inda ɗigon ya faɗa, fuskarsa a kauce kamar yadda na ce. A tsakiya alamar ta fi ta igiyarsa tsawo da faɗin tafin hannu. Ni kuma yatsana na kan alminiyan. Ya yi ɗumi, bai yi zafi ba. Har ya kai turken ƙarshe tana ci, ba ta dushe ba. Na kashe.

Mai garkar ya bi alamun da ido, ya ce a kawo tubali.

Taubashina ya dawo yana kakkaɓe hannu. Ya tsuguna gaban abin ya daɗe, hannuwansa a baya.

"Sarkin sannu-sannu," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "in zan sake kunna ta, da me ake farawa?"