Akwatin Gem na Yayana

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Kiru kafin na ƙona akwatin gem na yayana. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya yi mini uzurin jahilci.

Akwatin ya fi ni tsawo. Katako ne aka yi masa fenti, da talabijin a cikinsa, da sanda guda da maɓallai biyu da ake harbin jirage da su. Yayana ya samo shi a Kano lokacin da wani gidan wasa ya rufe, ya ɗauko shi a bayan akori-kura har Tudun Wada, ya kafa shi a shagonsa na cajin waya. Duk wanda ya ci maki da yawa, akwatin yakan ba shi damar rubuta haruffa uku na sunansa, ya jera su daga sama zuwa ƙasa. Wani ɗan batir a ciki shi ke riƙe jerin ko an ɗauke wuta. Babu wanda ya taɓa sauke yayana daga layin farko, kuma bai bar kowa ya manta da hakan ba.

Shi ne ɗan fari, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Wancan" take ce masa, ko "yayanku". Bayan ya rasu aka mayar da akwatin zaurenmu. Wani lokaci da hantsi, idan an kawo wuta, sai ta fito kamar za ta duba awaki, ta tsaya gabansa har jerin ya bayyana, ta koma ciki. Ba mu taɓa tanka mata ba.

Sai talabijin ɗin ya mutu. Hoton ya tsuke ya zama zare, daga nan baƙi ƙirin. Akwatin ya shekara biyu a rufe da tsohuwar tabarma, kaji suna kwana a kansa.

Wata Juma'a ina cin abinci Inna ta ce, "Kai da kake koya wa 'ya'yan mutane wuta, wannan abin na zaure ya gagare ka ne?"

Ni kuwa na ɗauki abin da zafi, don ba a taɓa ƙure ni a gidanmu ba.

Wata uku ina neman irin talabijin ɗin. Kowa ya koma mai faɗi kamar faranti, masu ƙaton ƙeya sun zama wurin ajiye kwanuka. A ƙarshe wani dattijo mai gyaran rediyo a Ƙafin Maiyaki ya zaƙulo mini guda a ƙarƙashin tarkacensa, na irin waɗannan akwatuna, wanda ya ce ya ajiye tun yana da baƙin gashi. Yana ɗaure mini shi a bayan babur yana cewa, "Malam, wannan wuta ɗari da goma yake ci. Ka tabbata taransifomarsa tana ciki kafin ka jona."

Na ce masa na sani, da irin muryar da nake amsa wa ɗan aji ɗaya.

Da na buɗe bayan akwatin, na ga wani wuri a ƙasa mai kusurwa huɗu wanda ya fi sauran katakon haske, da ramukan sukuru huɗu. Na kalle shi sosai. Na kuma ga wayoyi an haɗa su tsaf, an naɗe da baƙar leda. Na ce a raina lallai yayana mutum ne mai tsabtar aiki. Na ɗaura sabon talabijin, na tayar da janareta, na kira Inna ta zo ta gani, na soka fulogi.

Ƙarar ba ta kai ta fashewar tayar mota ba, amma ta ishi kajin. Hayaƙi ya fito ta ramin saka kwabo, da wari irin na gashin da ya faɗa murhu. Inna ta dube ni, ta dubi akwatin, ta ce, "Sannu da aiki." Ta koma ciki.

Da yamma Kawu ya zo, ƙanin Inna, wanda ke kamun kifi a Tiga tun da ruwa ya ci garinsu na asali. Ya ji labari, ya leƙa bayan akwatin, ya gyaɗa kai.

"Af, wannan ƙarfen mai nauyi kake nema? Ai yana wurina. Na ga abin ya mutu, ƙarfe yana zaune a banza. Shi nake jefawa ruwa in tsayar da kwalekwale. Ban taɓa samun mai riƙe ƙasa kamarsa ba."

"Kawu, taransifoma ce fa!"

"To ai ban bar maka wayoyin a warwatse ba, Malam. Na haɗa su da kyau."

Gaskiya ya faɗa, ya haɗa su da kyau. Na so in yi faɗa, amma da wa? Shi bai taɓa shiga aji ba, ni kuwa na ga ramukan sukuru huɗu da idona.

Na koma wurin dattijon da akwatin gaba ɗaya, kaina a ƙasa. Bai ce ya gaya mini ba, abin da ya fi zagi ciwo. Ya yi sati biyu yana canza abubuwan da suka ƙone, ya samo wata taransifomar. Ran da ya kunna, jirage suka fito garau. Sai jerin ya biyo baya, na ga baƙin haruffa daga sama har ƙasa, waɗanda kamfani ya saka tun ran da aka ƙera shi. Na yayana babu su.

Na ce, "Baba, wataƙila batirin ne ya mutu tuntuni."

Ya ɗora masa mita, ya juyo mini da ita in gani. "Da ransa, Malam."

Ke nan wutar da na jona ce ta share jerin. Na daɗe ban ji kunya da baƙin ciki sun haɗu mini kamar ranar ba. A hanya na shirya bayanin da zan yi wa Inna, har da misalai, kamar darasin Litinin.

Muka sauke shi a zaure da hantsi, na jona. Inna ta fito da kwanon dusa a hannu. Ta jira jirage suka wuce, jerin ya hau. Na buɗe baki zan fara bayani, sai ta matsa kusa, ta sa yatsa a kan layin farko, ta goge ƙurar wurin da bakin mayafinta.

"Har yanzu shi ne a sama?"

Sai a lokacin na gane ba haruffan ta sani ba, wurin ta sani. Ni da ba na barin ɗalibi ya wuce da kuskuren ɗigo, na ce, "Shi ne, Inna."

Ta ce, "Haka yake, ba ya son a wuce shi." Ta ɗauki kwanonta ta nufi wurin awaki.