Mai Kwali, Wanda Ya Riga Kwaɗo Isa Shagon Yayata

Ƙarfe bakwai da rabi yake shigowa. Ya rataye jaka a bayan kujera, ya goge tabarau da gefen riga, sannan ya buɗe wani shafi a kwamfuta wanda a duk kamfaninmu babu mai buɗe shi sai shi. Mu sauran abin da muke fara dubawa shi ne wane shago ya fi ciniki jiya. Shi kuwa waɗanda suka yi shiru yake nema: na'urar katin da ta saba kuka sau hamsin a yini, yau kwana uku ba ta ce uffan ba. Sai ya ɗauki waya. "Alhaji, lafiya dai? Na ga na'urarka ta yi shiru, na ce bari in ji." In tafiya aka yi, ya yi fatan a dawo lafiya ya ajiye. In kuwa ya ji murya ta yi nauyi, sai ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo kwali.

Daga nan ya samu sunansa. Kwalayen taliya da na sabulu ne, yana roƙowa a kantin da ke ƙasan benenmu, ya ninke ya jera. Sau biyu mai shara tana kwashe su, sau biyu yana bin ta har bakin bola. A ƙarshen watan nan Mai Kwali zai yi ritaya bayan shekara ashirin da shida, kuma ni da teburina ya kalli nasa shekara goma sha tara, gara in faɗi gaskiya tun yanzu: ƙyashinsa nake ji. Ba yau aka fara ba.

Ni ɗan talla ne. Ni ke shiga shaguna da takalmi mai sheƙi in lallaɓi mutane su karɓi na'urarmu. Ina da lambobin yabo huɗu a bango, ɗaya ma an rubuta sunana daidai. Shi ba shi da ko ɗaya, domin sashensa ba ya kawo riba, kuma aikinsa shi ne wanda kowa ke tsana.

Ga yadda abin yake. In ka biya da kati a shago, kuɗinka ba ya faɗawa aljihun mai shago nan take. Ta hannunmu yake bi, ya kwana ɗaya ko biyu, kuma a kan wasu shagunan muna ɗan yankar wani kaso mu ajiye saboda ko-ta-kwana. Ranar da jarin mai shago ya karye, sai kamfani ya riƙe duk abin da ke hannunsa, wani lokaci har wata shida. Ba mugunta ba ce. Akwai waɗanda suka biya ba a ba su kaya ba, za su kai kuka bankinsu, bankin kuma wajenmu zai zo nema. To amma ga inda ake cutar mutane. Duk ƙorafin da ya shigo, kwanaki kaɗan ake ba mai shago ya kawo shaidar ya ba da kaya. In bai kawo ba, mai ƙorafi ya ci, ko da ƙarya yake. Mutumin da ya karye kuwa ya kashe waya don kunya, ma'aikata sun watse, rasitai suna cikin shagon da mai gini ya garƙame. Wa zai kawo shaida? Haka kuɗin ke zagwanyewa, ranar da wata shida ta cika a aika masa da wasiƙa mai ladabi a ce babu saura.

Dokar kamfani ta ce jami'i ya aika saƙo ya jira. Mai Kwali ba ya jira. Tafiya yake ya kwaso littattafan rasit da takardun kai kaya kafin a sa kwaɗo. Direbanmu ya ce akwai ranar da suka yi awa uku a matakalar wani shagon takalma, mai shagon yana ciki ya kulle kansa yana zaton masu bin bashi ne. Mai Kwali ya riƙa magana da ƙofa. "Ba kuɗi na zo karɓa ba, bawan Allah, takarda na zo karɓa. Turo ta ƙasa ma ya isa." Ta ƙasan ƙofar aka riƙa turo su, littafi bayan littafi.

Lokacin da direba ya ba da labarin, ni na fi kowa dariya. Ban san layi zai zo kan gidanmu ba.

Yayata, wadda ta goye ni a bayanta, tana da shagon firji da fanka da injin wanki. Ni na kai mata na'ura da hannuna, na ci kamashona. Shekara huɗu da suka wuce wata babbar motar kayanta ta ƙone a hanya, ga mutane sun riga sun biya kuɗin kayan da ke ciki. Cikin wata biyu shago ya durƙushe, kamfaninmu ya riƙe kuɗinta. Ashe kuma ta jinginar da takardun gidanta wajen dilan da ke ba ta kaya, gidan da take zaune da 'ya'yanta huɗu. Kuɗin da ke hannunmu shi kaɗai ne zai fanso gidan.

Ta kira ni. "Auta, ba a wajenku kuɗina yake ba? Ka je ka ce su sake mini."

Furfura ta cika mini gemu, amma har yau Auta nake. Na ce, "Yaya, kwantar da hankalinki. Ai magana ɗaya zan yi." Na gyara wuyan riga na taka taku huɗu zuwa teburinsa.

"Mai Kwali, 'yar alfarma nake nema."

"Sarkin Talla da kansa. Na san ta. Ba za a yi ba."

"Ban ma faɗa ba tukuna."

"Fayil ɗinta ne a gabana tun ranar Litinin. Mutum talatin da bakwai sun biya ba su ga ko wayar fanka ba. In na sake mata kuɗin, su wa zai biya? Kai?"

"Yayata ce fa. Uwa ɗaya uba ɗaya."

"Su ma duk da yayyensu." Ya cire tabarau. "Ina littattafan kai kayanta?"

Na ce ban sani ba, kuma ba littafi na zo tambaya ba. Na koma teburina raina a ɓace, na tura wa Yaya saƙo cewa ana kan magana, Allah ya mayar da alheri. Wannan shi ne iyakar gudummawata, kuma na rubuta shi da kyau, har da waƙafi.

Abin da ya faru a shagon daga bakin Yaya na ji shi, kuma na ji shi ya fi sau ɗari. Ranar Asabar da safe, ba ranar aiki ba, tana tsaye a ƙofar shago mai gini yana zuba mata faɗa da sabon kwaɗo a hannunsa, sai ga wani dogo da kwalaye biyu a hammata. Da ya faɗi daga inda yake, ta juyo kansa.

"Kai ne ka riƙe mini kuɗi? Har kana da idon zuwa?"

"Ni ne, Hajiya. Ki zage ni anjima, ina nan. Yanzu nuna mini inda rasitai suke."

Mai gini ya ce ko allura ba za ta fita ba sai an biya shi haya. Mai Kwali ya ce masa, "Baba, takarda ce. In ka kulle ta ɓera zai ci, kai ba ka samu ba, ita ba ta samu ba. In na fita da ita, wataƙila hayarka ta fito a ciki." Tsohon ya ba su minti ashirin, ya tsaya yana kallon agogo. Suka cika kwali biyu, na uku suka aro a maƙwabta.

Ba a yi sati biyu ba ƙorafi ya fara zuba. Labari ya bazu cewa shago ya rufe, kuma wai duk wanda ya ce bai karɓi kaya ba za a mayar masa da kuɗinsa. Talatin da bakwai suka zama ɗari da goma sha ɗaya. Ina kallonsa daga teburina, ya baje rasitai yana haɗa kowane ƙorafi da takardarsa, yana ɗaukar hoto yana turawa kafin wa'adi ya cika. Masu gaskiya bai ja da su ba ko na minti ɗaya, ya sa hannu aka biya su daga kuɗin Yaya, ita kuma ta yi kwana biyu ba ta ɗaga wayarsa. Sauran ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani da ya rantse bai ga firji ba, sa hannun da ke takardar kuma ba nasa ba ne. Mai Kwali ya kira lambar da ke jikin takardar, ya sa a amsa-kuwwa, mace ta ɗauka.

"Daga wajen masu firji ne, Hajiya. Firjin yana aiki lafiya?"

"Wallahi sanyi kamar me. Sai dai ƙofar tana ɗan ƙara, ko za ku turo mai gyara?"

Duk ofis aka fashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya ce mata ta ɗiga ɗan mai a maƙalar, ya yi godiya, ya rubuta rana da lokaci.

Saura dila. Shi ba ruwansa da wata shida, ya ce ƙarshen wata zai sa gida a kasuwa. Mai Kwali ba shi da ikon sakar wa Yaya ko sisi kafin wa'adi, kuma bai yi kamar yana da shi ba. Abin da ya yi, ya zauna a ƙofar ofishin manaja har aka sa hannu a wata takarda mai tambari: ga abin da ke riƙe, ga ƙorafin da aka kammala, ga ranar da za a saki saura. Ya ba Yaya ta kai. Dila ya karanta, ya kira lambar da ke ƙasa ya tabbatar, ya ce zai jira.

Ranar da aka saki kuɗin, kusan kashi biyu cikin uku ne suka tsira. Sun fanso takardun gida, sun biya mai gini, abin da ya rage bai kai na cefanen wata ba. Yaya ta zo ofis da sabon mayafi. Na miƙe ina murmushi, na buɗe hannu.

"Auta, matsa, ka tare mini hanya."

Ta wuce ni ta tsaya gaban teburinsa. Shi kuma kunya ta kama shi, ya rasa abin yi, sai ya miƙa mata littattafanta ya ce ta ƙirga ko sun cika. Tun daga ranar, in ta ce "ƙanena na kamfanin kati", sai mutane sun tambaya wanne, kuma amsar ba ta cika yi mini daɗi ba.

To, Mai Kwali, yau da kai nake. Kai ne wanda ya ce mini a'a a gaban mutane, kuma a'ar nan ce ta fi duk wata i da na taɓa sayarwa amfani. Kai ne mai riƙon da ba ya ci, mai hana mutum kuɗinsa yana tsare masa su. Ba albashinka nake ƙyashi ba, na fi ka. Abin da ke cina shi ne waccan Asabar. Gidana minti goma ne daga shagon. Ina da mota, ina da hannu biyu, kuma kai da bakinka ka tambaye ni littattafan. Wanke mota na tsaya yi. Kai kuma motar haya biyu ka hau, ka je ka sha zagin matar da ba ka taɓa gani ba.

Na gode. Na gode a madadin Yaya, da mai takalman da ya turo takarda ta ƙasan ƙofa, da mutum talatin da bakwai ɗin nan da ba su ma san da kai ba. Allah ya ba ka hutu mai lafiya, ya sa ka ga irin abin da ka shuka a kan 'ya'yanka.

Ku kuma matasan da za ku gaji kujerarsa, da takwarorinku a sauran kamfanoni, dokar ba ta ce ku je ba, amma ba ta ce kada ku je ba. In kun ga shago ya faɗi, ku tuna mai shi ba zai iya kare kansa ba a wannan makon, ku tashi ku same shi kafin a rufe ƙofa. Kada ku yi koyi da ni, saƙon jaje ba ya amsa ƙorafin banki.

Yaya tana nan a gidanta, ta mayar da garejin wajen sayar da fanka, ciniki ba laifi. Ta ce ranar Lahadi bayan ritayarka can za a yi walima, a tsakar gidan, kuma kai za ka zauna a kujerar marigayi mijinta da ba ta bari kowa ya hau. Ni kuma ta ce in zo da wuri in jera kujerun baƙi. Zan zo da wuri.