Kanwa a Aljihun Tsoho

Yau Lahadi, wurin wasan yara na Madawa ya cika maƙil. Wasu yaran na ihu bisa lilo, wasu na miƙa wa zomaye ganyen salati. Ni kam idona na kan wani dogon tsoho da ke tsaye bakin shingen tumaki. Rigarsa sabuwa ce, ko layin ninki bai sake ba, amma dugadugansa duk faso ne, irin na wanda ya ƙare ƙuruciyarsa bayan garke.

Jikarsa na jan hannunsa. "Kaka, taho ka tura ni a lilo!"

"Tahi, Mardiyya, ina nan tahe."

Bai motsa ba. Yara bayan tumakin suke shafawa, shi kuwa kunnuwansu yake kamawa, yana laluben tsagar da makiyayi ke yi don ya gane nasa. Ya duba wannan, ya duba waccan, ya saki. Can sai ya sa hannu aljihu, ya kwance ɗan ƙullin kanwa. Wata farar tunkiya na lasar tafinsa, shi kuma yana yi mata magana ƙasa-ƙasa.

"Baba, ba a ba su komi daga waje," in ji mai tsaron wurin.

"Gahwara, ɗana, hannu ya saba. Shekara ukku ke nan rabona da nawa."

Ban sani ba ko fari ya cinye su, ko tsufa ya dawo da shi gari. Na dai ga ya ƙulle sauran kanwar da kyau, ya mayar aljihu, kamar akwai masu jiransa a gida.